Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ladabin Buɗe Fayil Da Rufe Shi

Yau maganarmu a kan wani aiki ce wanda ma'aikacin ofis yake yi sau da yawa a yini ba tare da ya ɗauke shi a bakin komai ba, watau buɗe fayil a manhajar lissafi ta kwamfuta, da rufe shi, da kuma tsallakawa daga wannan fayil zuwa wancan. Wani zai ce ai wannan bai kai a ɓata tawada a kansa ba. To, amma fa a waɗannan wurare uku ne albashin ma'aikaci yake maƙalewa, makin ɗalibi ya koma gaban sunan wani, bashin da ɗan kasuwa yake bi ya ɓace daga littafi. Ita manhajar da wuya ta yi kuskuren tarawa ko ɗebewa. Ɓarnar takan auku ne a bakin ƙofa, wajen shiga da wajen fita.

Bari mu ɗauki garin Gombe ya zama abin misali. Gombe garin ciniki ne da lissafi tun da daɗewa. Auduga da gyaɗa ne suka ɗaga shi, har yau kuwa akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin audugar Turawa, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso a 1963 ya ƙara buɗa kasuwa. A wancan zamani akawun En'e da na kamfani suna da ladabin da suke bi da manyan littattafansu. Kowane littafi da sunansa da shekararsa a rubuce a bango. Akawu ba ya baje littafin haraji da na albashi a tebur ɗaya yana rubutu a cikinsu gaba ɗaya. In ya gama kuma sai ya bari tawada ta bushe, ya rufe littafin, ya mayar da shi kabad ya kulle. Ba don son wahala suka yi haka ba, sai don sun san kuɗin jama'a ne a ciki.

Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba, 1996, sai ofisoshi suka yawaita. Ga ma'aikatun jiha, ga ƙananan hukumomi 11, ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ga Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, ga asibitin koyarwa na tarayya, ga makarantu na gwamnati da na kuɗi, ga kuma dillalan hatsi na kasuwar Tudun Hatsi waɗanda 'ya'yansu suka yi boko suka karɓi riƙon lissafi. Duk waɗannan wurare, sannu a hankali littafin akawu ya koma cikin kwamfuta. Littafin ya koma, amma ladabin nan na akawu bai bi shi ba, domin galibin masu aikin sun koyi kwamfuta ne a shagon buga takardu ko wajen abokin aiki, inda ake koya wa mutum yadda zai tara lambobi amma ba a koya masa yadda zai shiga ya fita lafiya.

Abin da ya kamata a fara sani

Manhajar lissafi ta farko da ta yi fice ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Bayanta Lotus 1-2-3 ta zo a 1983, sa'an nan Excel na kamfanin Microsoft a 1985, shi ne kuma ya mamaye ofisoshinmu, ko da yake akwai masu amfani da LibreOffice da WPS da Google Sheets. VisiCalc jadawali ɗaya tak take ɗauka a lokaci guda. Excel kuwa yana barin mutum ya buɗe fayil goma ko ashirin gaba ɗaya, kowane fayil kuma yana iya ƙunsar shafuka da yawa. Wannan sauƙi ne babba, a cikinsa kuma haɗarin yake.

Fayil shi ne littafin gaba ɗaya, shafi kuwa warƙa ɗaya ce a cikinsa. Idan ka buɗe fayil, kwamfuta takan ɗauko kwafensa ne daga ma'adana ta shimfiɗa maka a gabanka. Duk abin da ka rubuta daga nan kamar rubutun allo ne, ruwa kaɗan ya ishe shi wankewa. Ba ya zama rubutun takarda sai ka adana shi, watau ka danna maɓallin Ctrl tare da harafin S. Adanawar kuma takan danne tsohon rubutu ne ta maye gurbinsa da sabo. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, cewa abin da ba a adana ba bai tabbata ba, kuma abin da aka adana ya shafe na da, ya riƙe rabin karatun yau.

Wajen buɗewa

Tambayar farko da ta wajaba a kan mai buɗe fayil ita ce, shin wannan ne fayil ɗin da nake nufi? A ofisoshinmu fayil ɗaya yakan haihu ya yi jikoki. Akwai wanda yake cikin kwamfutar ofis, akwai na cikin filashi, akwai wanda aka aiko ta WhatsApp, akwai wanda maigida ya gyara a gida da dare, dukkansu kuma sunansu ɗaya ko kusan ɗaya. Jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, wanda Excel yake nunawa da zarar an tashe shi, sunaye ne kawai da wuraren da suke, ba ya gaya maka wanne ne shugaba ya sa wa hannu. Haka kuma Excel ba ya yarda a buɗe fayiloli biyu masu suna iri ɗaya a lokaci guda, ko da suna cikin jakunkuna dabam dabam. Wannan ƙin nasa gargaɗi ne. Maganin abin shi ne a raɗa wa kowane fayil suna mai ma'ana, a sa shekara da wata da lambobi, alal misali Albashi 2025-03, ta yadda fayilolin za su jeru da kansu bisa tsarin watanni. Sunaye irin su “sabo” da “na ƙarshe” da “na ƙarshen ƙarshe” ba su da amfani bayan mako guda.

Abu na biyu, buɗewar kanta tana iya canza abin da ke cikin fayil. Bankuna da manhajojin biyan albashi sukan fitar da bayanai a wani irin fayil da ake kira CSV, wanda rubutu ne zalla da waƙafi tsakanin bayanai. Idan aka danna shi sau biyu Excel ya buɗe shi kai tsaye, sai ya shiga yin hasashe a kan kowane gida. Tun 2011 lambar asusun banki a Nijeriya lambobi 10 ce bisa tsarin Babban Banki, da yawansu kuwa da sifiri suke farawa. Lambar waya lambobi 11 ce, ita ma da sifiri take farawa. Shi Excel a wurinsa sifirin gaba ba shi da daraja, don haka sai ya zubar da shi, 0123456789 ta koma 123456789. In mai aikin bai lura ba ya adana, to sifirin ya tafi ke nan daga fayil ɗin, kuma ranar biya banki zai dawo da sunayen ya ce babu asusu irin wannan. Bugu da ƙari, Excel ba ya riƙe lamba da ta wuce lambobi 15 daidai, saboda haka lamba mai 16 irin ta katin cirar kuɗi, ta ƙarshenta takan koma sifiri. Kwanan wata ma haka ne. Abin da muke karantawa 3 ga Afrilu, in an rubuta shi 03/04/2025, kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta ɗauke shi 4 ga Maris. A jadawalin ritaya ko na ƙarin girma, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada a ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar gado na ɗan Adam suna ya canza sunayen wasu daga cikinsu, irin su MARCH1 da SEPT1, saboda Excel yana mayar da su kwanan wata a fayilolin masu bincike. A 2023 Microsoft ya ƙara wani saiti a sababbin nau'o'in Excel da yake ba mutum damar hana wannan hasashe, sai dai kwamfutocin da ke ɗauke da tsofaffin nau'o'i ba su da shi. Hanyar tsira ita ce kada a buɗe CSV da danna sau biyu. A buɗe Excel tukuna, a shigo da fayil ɗin ta sashen Data, a gaya masa cewa layin lambobin asusu da na waya rubutu ne ba adadi ba.

Abu na uku shi ne tsufan fayil. Tsohon tsarin Excel, mai ƙarewa da xls, layuka 65,536 kawai yake ɗauka. Sabon tsarin da ya zo a 2007, mai ƙarewa da xlsx, yana ɗaukar 1,048,576. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da cutar korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba, dalili kuwa shi ne ana zuba sakamakon gwaje-gwaje a fayil mai tsohon tsari, da ya cika sai ragowar suka zube a waje. An yi kwanaki ba a bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da su ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Duk mai riƙe da rajistar ɗalibai ko ta manoma masu karɓar taki ya duba ƙarshen sunan fayil ɗinsa.

Har ila yau, fayil ɗin da ya zo ta intanet ko ta saƙon imel, Excel yakan buɗe shi a kulle, da wani ratsi rawaya a sama, ana iya karantawa amma ba a iya gyarawa sai an danna izini. Mutane sun saba danna izinin nan kafin ma su karanta. Wannan kulle kariya ce daga fayilolin da ɓarayin intanet suke cusa wa mugun umurni. In karatu kawai ya kawo ka, bar shi a kulle.

Wajen sauyawa

A ce ma'aikaci ne a ƙarshen wata yake haɗa bayanan ƙananan hukumomi 11, daga Akko zuwa Yamaltu-Deba, kowace da fayil ɗinta, dukkansu kuma da fasali ɗaya aka zana su. Ko kuwa malamin makaranta ne a ƙarshen zango da fayil ɗin aji ɗaya A da na aji ɗaya B a buɗe. A ido babu bambanci tsakaninsu sai sunan da ke rubuce a can saman taga. Danna Ctrl tare da Tab yana kai mutum daga wannan fayil zuwa na gaba, Alt tare da Tab yana zagaya duk manhajojin da ke buɗe, Ctrl tare da Page Down ko Page Up kuwa yana juya shafuka ne a cikin fayil ɗaya. Yatsa ya fi ido sauri. Sau ɗaya aka yi dannan da ya wuce, sai lissafin Dukku ya sauka cikin fayil ɗin Nafada, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba, domin a wurinta lamba lamba ce. Tun daga Excel na 2013 kowane fayil da tagarsa yake buɗewa, saboda haka wanda yake son kwatanta biyu ya jera su gefe da gefe ta sashen View, ya ga kowanne da sunansa. Kafin a liƙa komai kuwa, a ɗaga ido a karanta sunan da ke sama. Daƙiƙa ɗaya ce.

Akwai kuma abubuwa uku da fayilolin da ke buɗe tare suke tarayya a cikinsu waɗanda mutane da yawa ba su sani ba. Na farko shi ne janye aiki. Danna Ctrl tare da Z yana warware abin da aka yi na ƙarshe, amma a Excel jerin ayyukan nan guda ɗaya ne ga duk fayilolin da aka buɗe tare. In ka yi gyara a fayil na farko, ka tsallaka na biyu ka yi wani, sa'an nan ka dawo na farko ka danna janyewa, to gyaran da ka yi a na biyu ne zai fara warwarewa. Wanda ya danna sau huɗu ko biyar cikin hanzari yana iya rushe aikin da ya riga ya gamsu da shi a wani fayil.

Na biyu shi ne yanayin lissafi. Excel yana iya sake lissafi da kansa duk sa'ad da aka canza lamba, yana kuma iya jira sai an umurce shi. Fayil ɗin da aka fara buɗewa shi ne yake yanke wa sauran wannan hukunci. In wani ya aiko maka fayil da aka saita a kan jira, ka buɗe shi da farko, to duk fayilolin da ka buɗe bayansa za su bi shi. Sai ka canza farashin buhun masara ka ga jimla ba ta motsa ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ba ka lura ba ka buga takarda da tsohuwar jimla. Maɓallin F9 yana tilasta sabon lissafi, amma gyaran gaskiya shi ne a mayar da saitin kan lissafi da kansa a sashen Formulas.

Na uku shi ne igiyar da ke ɗaure fayil da fayil. Idan aka kwafi gidan da lissafinsa ya dogara da wani shafi na fayil na farko aka liƙa shi a na biyu, sai na biyun ya zama yana leƙen na farko don samun amsa. Muddin suna tare a kwamfuta ɗaya babu matsala. Ranar da aka aika na biyu shi kaɗai zuwa hedikwata, ko aka canza wa na farko suna, igiyar ta tsinke, sai ya zauna da tsofaffin lambobi ko ya nuna alamar kuskure. In amsa kawai ake bukata, a liƙa lambar zalla ba tare da lissafinta ba.

Wajen rufewa

Danna Ctrl tare da W yana rufe fayil ɗin da ke gabanka. In akwai abin da ba a adana ba, sai Excel ya tambaya, a adana, ko kada a adana, ko a fasa rufewar. Wannan tambaya ita ce mafi muhimmanci a yini, ita ce kuma aka fi amsawa ba tare da karantawa ba, musamman ƙarfe huɗu in an tashi ofis da fayil shida a buɗe, tambayar tana zuwa bi da bi. Kowace tambaya tana ɗauke da sunan fayil ɗin da take nufi, a karanta shi. In ka san leƙawa kawai ka yi ba ka gyara komai ba amma aka tambaye ka, to ko dai fayil ɗin yana da lissafin da ke canzawa da kansa, kamar na kwanan watan yau, ko kuwa hannunka ya taɓa wani gida ba ka sani ba. A nan amsar da ta dace ita ce kada a adana. Da zarar an adana an rufe, hanyar janyewa ta toshe, domin jerin ayyukan nan ba ya bin fayil zuwa ma'adana.

Sai maganar wuta, wadda mutanen Gombe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kanta. A watan Afrilu na 2024 ɓata-gari suka lalata turakun babban layin lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas suka yi makonni cikin duhu, ofisoshi da shaguna suka koma kan janareta da hasken rana. Kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta, in janareta ya yi tari, duk fayilolin da ke buɗe ne suke faɗuwa tare. Gaskiya ne Excel yana ajiye kwafen ceto, bisa saitinsa na asali kowane minti 10, ana kuma iya rage wannan zuwa minti biyu ko uku. Amma kwafen ceto ba adanawa ba ne, kuma adanawa ta kai tsaye da ake gani a sababbin nau'o'i sai fayil yana ajiye a rumbun intanet na Microsoft take aiki. Saboda haka fayil ɗin da aka gama da shi a rufe shi nan take. Haka nan kada a zare filashi alhali fayil ɗin da ke cikinsa yana buɗe, ya fi kyau ma a kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta a yi aikin a can, a mayar in an gama. A ofishin da ake ajiye fayil wuri ɗaya kowa yana ɗauka kuwa, wanda ya bar shi a buɗe ya tafi masallaci ko cin abinci ya kulle wa abokan aikinsa ƙofa, sai su yi ta ajiye nasu kwafen da wani suna, daga nan kuma haihuwar jikokin da muka ambata take farawa.

Rufewa tana da wata fuska kuma, ta sirri. Jadawalin albashi yana ɗauke da sunayen mutane da lambobin asusunsu da na wayarsu, wani lokaci har da lambar BVN. Wanda ya kai irin wannan fayil shagon buga takardu a Tudun Wada ko Jekadafari ko Pantami don a buga masa, ya tabbata an rufe shi an kuma goge kwafensa daga kwamfutar shagon kafin ya fita. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Ko babu doka ma, amana ce.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga manyan sakatarori da shugabannin makarantu da ma'ajin ƙananan hukumomi da masu manyan shaguna, a Gombe da sauran garuruwanmu, da su mayar da wannan ladabi doka a rubuce, kamar yadda magabatansu suka yi da littattafan En'e. A tsayar da wuri ɗaya da fayil na gaskiya yake zama, da mutum ɗaya da yake da ikon gyara shi. A tsayar da tsarin suna guda. Fayil ɗin da aka sa wa hannu a kulle shi ya zama na karatu kawai, a kuma ajiye kwafensa a wani wuri dabam. Kafin a aika jadawalin biya banki, mutum na biyu ya ƙirga layuka ya duba cewa kowace lambar asusu ta cika 10. Cibiyoyin koyar da kwamfuta su ma su ware darasi guda a kan wannan, kafin su kai ɗalibi ga dabarun lissafi masu wuya. Duk wannan ba ya cin ko kwabo, amma rashinsa yana sa ɗan fansho ya yi ta sintiri daga Kaltungo ko Bajoga zuwa sakatariya yana neman sifiri guda da ya faɗi daga lambar asusunsa.

Mai aiki kuwa ya riƙe abu uku. Ya san abin da ya buɗe, ya karanta suna kafin ya liƙa, ya karanta tambaya kafin ya rufe. Fayil biyu sun isa a buɗe a lokaci guda, wanda ake ɗauka daga cikinsa da wanda ake zubawa.